Yaya za a sa tsohuwar zayyana a firam ɗin katako ba tare da an lalata ta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata zayyana a takarda wadda malaminsa ya yi masa lokacin saukarsa, yau ta fi shekara 50. Girmanta kamar santimita 30 a 40. Na kai ta wani shago, suka ce za su manna ta a filawud, su rufe ta da leda mai zafi, su sa mata firam ɗin roba mai ruwan gwal. Hankalina bai kwanta ba, na dawo da abata gida. Ƙanena kafinta ne a nan Kano, gado da kujeru yake yi, bai taɓa haɗa firam ba. Zai iya? Wane katako za mu nema, me kuma zai kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.

Dawowa da kika yi da takardar nan gida shi ne babban aikin, kuma kin riga kin yi shi. Ledar da ake rufe takarda da ita a inji narkewa take yi ta kama zaren takardar, in ta kama kuwa babu mai ɓare ta sai dai ta taho da rubutun. Gam ɗin da za su shafa a baya zai ratsa ya yi dabbare-dabbare a fuska bayan wasu shekaru, shi kuma filawud yana fitar da tsami a hankali wanda ke mai da takarda ruwan ƙasa, ta bushe ta riƙa karyewa kamar ganyen kuka. Hoton biki da za a iya sake wankewa gobe, a yi masa haka ba laifi. Abin da hannun malami ya zana sau ɗaya a duniya kuwa, wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Ƙanenki zai iya, sarai ma. Wanda ya haɗa gado ya tsaya da ƙafarsa ba zai kasa haɗa sanda huɗu ba. Sai dai akwai halin masu gado da zai ajiye a ƙofa: sayen falanki da safe a yanka shi da rana, da toshe ɓaraka da garin katako da gam. Abu ɗaya nake so ya riƙe tun daga farko har ƙarshe, shi ne katako da takarda duka biyun motsi suke yi. Suna shan danshin iska su kumbura, suna saki su tsuke. A garin da iska ba ta canzawa sosai ba a cika lura ba. Mu a Kano, lokacin hunturu danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ya haura 70. Kowace shekara sai firam ya yi wannan tafiya, zuwa da dawowa. Duk abin da aka ɗaure shi tamau ba a bar masa wurin numfashi ba, ko ya tsage ko ya lanƙwashe.

Ni da kuɗina na sayi wannan karatun. Ina farkon sana'a aka ba ni aikin firam shida na wani falo, na sayo maɗaci a tsakiyar damina, mai katakon ya rantse mini ya bushe. A hannu kam ya bushe. Na yi fāɗinsa santimita 8 don ya yi kwarjini, na haɗa kusurwoyin har allura ba za ta shiga ba. Watan Janairu mai gidan ya aiko a kira ni. Kowace kusurwa ta buɗe baki daga ciki, har na zura kan ashana. Ɗaya ma ya murɗe ya tsaga gilashinsa daga gefe zuwa gefe. Duka shidan na sake su daga aljihuna.

Dalilin buɗewar yana da kyau ƙanenki ya fahimce shi, don shi zai zaɓa masa komai. Katako ba ya raguwa ta tsawo sai abin da bai taka kara ya karya ba, ta fāɗi yake tsukewa. To in ka yanka bakin sanda a karkace, digiri 45, sannan fāɗinta ya ragu tsawonta bai ragu ba, yankan ya tashi daga 45 ke nan. Shi ya sa da rani kusurwa ke buɗewa daga ciki, da damina kuma daga tsinin waje. Gwargwadon fāɗin sanda, gwargwadon ɓarakar. Don takarda irin taku, fāɗin santimita 3 da kauri 2.5 ya wadatar. Siririn firam ya fi zama lafiya a ƙasarmu, ya kuma fi dacewa da zayyana, wadda ita kanta cike take da ado, ba ta bukatar abokin gasa.

Katakon da na fi so duka ba a 'Yan Katako ake samun sa ba. Tsohon gado ne, ko tsohuwar ƙofa ko tebur, wanda ya ga hunturu talatin ya gama bushewa ya saba da iskar garin. Mita biyu da rabi kawai kuke bukata, gefen gado ɗaya ya isa. Ya duba ƙusoshin da suka karye a ciki kafin ya sa zarto, ya kuma duba ƙananan ramuka. In ya buga katakon ya ga gari mai laushi yana zubowa daga ramukan, ƙwaron yana ciki da ransa, ya bar shi.

In sabo zai saya, a Na'ibawa ko wani wuri, ya sani galibin falankin nan daga dazukan kudu ake lodo su, kuma da ruwansu suke isowa. Ya tsaga shi sanda-sanda, ya ɗan fi girman da ake so, ya jera a inuwa cikin ɗaki da 'yan ƙirare a tsakani don iska ta ratsa. Kada ya shanya a rana, tsagewa zai yi. Ba sai ya sayi na'urar auna danshi ba: ya ɗauki sanda ɗaya ya ɗora a sikelin masu sai da kaya kowane mako, ya rubuta nauyin a jikinta da fensir. Ranar da nauyin ya tsaya wuri ɗaya mako uku a jere, katakon ya yi daidai da iskar ɗakin.

Maɗaci shi ne zaɓina na farko, saboda jansa yana ƙara duhu da shekaru, yana kuma karɓar gogewa. Kawo ya fi shi nutsuwa, yana cikin itatuwan da ba su cika motsi ba, sai dai tauri da cin kaifin ƙarfe. Iroko gara ba ta son sa, amma yana da maiƙo, sai an goge bakin yankan da tsumma mai ɗan sinadarin tsinka fenti kafin a sa gam, ƙurarsa kuma tana sa wasu tari da ƙaiƙayi. Obece, farin nan marar nauyi, shi masana'antun firam na ƙasashen waje suka daɗe suna saye daga Afirka ta Yamma don sauƙin sassaƙa, amma ƙwaro na son sa ƙwarai, ba zan ajiye gādon uba a cikinsa ba. Madobiya kuwa, kyau kam babu kamarta, sai dai ta sha sara a dazukan Taraba don lodi zuwa Sin, har taron CITES, yarjejeniyar kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sa ta cikin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. In tsohuwa ya samu ya yi amfani da ita, amma ni ba na aika kowa neman sabuwa.

Bayan sanda ta bushe an fere ta ta miƙe, sai a cire gurbi a bayanta, wato matakalar da gilashi da takarda za su zauna a ciki. Fāɗin gurbin milimita 7, zurfinsa 15. Masu koyo kan yi shi ba zurfi, sai sun zo rufewa su ga kaya sun tsere wa katako. Ga lissafin: gilashi zai zama santimita 40 a 50, ya fi takardar girma saboda kwalin da zai kewaye ta. Cikin gurbin sai ya fi gilashin da milimita 3 kowane ɓangare na awo, wato 40.3 a 50.3. Waɗannan milimita 3 su ne wurin numfashin da na faɗa, su ne da na bari da gilashin mai falon nan bai tsage ba. Da sanda mai fāɗin santimita 3, tsawon waje zai kama 54.9 na dogaye biyu, 44.9 na gajeru biyu. Ya auna daga cikin gurbi, ba daga bakin da ido ke gani ba.

Yanzu sai yankan kusurwa, inda ake gane wanda ya iya. Kusurwa huɗu, yanka takwas. In kowane yanka ya kauce da rabin digiri kacal, ido ba zai gani ba, amma in ka haɗa uku ka zo ta huɗu, kuskuren ya taru ya zama digiri 4, ɓaraka a fili. Saboda haka kada ya yarda da alamar 45 da ke jikin inji ko akwatin yanka. Ya yanka guntaye biyu na gwaji, ya haɗa su, ya dafa sukwaya a ciki, ya ɗaga sama ya duba ko haske na ratsawa. Sai ya daidaita har hasken ya ɓace. Zarto mai ƙananan haƙora zai yi amfani da shi, ya bar ɗan rara bayan layi, sannan ya manna samfefa a kan gilashi ko wani abu mai shimfiɗa sosai ya goga bakin a kai a hankali har ya iso layin. Goga da samfefa a tafin hannu kuwa zagaye baki yake yi, ya ɓata aikin.

Wani abin da ake mantawa: ko kowane yanka ya zama 45 cif, in dogayen biyu ba tsawonsu ɗaya ba, kusurwa ba za ta rufe ba. Ya haɗa su baya da baya ya shafa tsinin da yatsa, yatsa ya fi tef gane bambanci. In kuma yana son aikin da masu ido za su tsaya kallo, ya yanko ɓangarorin huɗu a jere daga sanda ɗaya, ya sa musu lamba, don zanen jikin katakon ya zagaye kusurwa kamar bai katse ba.

Gam fari na kafintoci shi ne na wannan aiki, ban da na takalmi. Bakin yanka kamar bakin rake yake, tsotse gam yake yi ya bar wurin a bushe. Sai a fara shafa ɗan kaɗan da yatsa, a bari minti biyar ya toshe ƙofofin, a sake shafawa sannan a haɗa. Matsewa ba ta bukatar kayan waje. Ni har yau igiya nake zagayawa sau biyu, in sa kwali a kusurwoyi don kada ta ci katako, in cusa 'yan guntayen katako biyu-biyu a tsakiyar kowane gefe, in tura su zuwa kusurwa, igiyar ta ɗaure tamau. Robar cikin tayar babur da aka yanka siriri ita ma tana yi. Kafin gam ya kama, ya auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallon ta, ya auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, firam ya tsaya. Ya bar shi kwana guda a kan wuri mai shimfiɗa.

Gam kaɗai ba zai riƙe kusurwa shekara da shekaru a yanayinmu ba. Manyan shaguna suna da injin da ke harba ƙarfe mai siffar V ta baya. Mai aikin hannu yana da abin da ya fi shi: ya tsaga tsinin kusurwar da zarto ta gefe, zurfin kamar santimita 2, ya fere ɗan siririn katako daidai tsagin, ya shafa gam ya zura, in ya bushe ya sare rarar ya goge. Wannan ɗan harshen shi ke ɗinke sandunan biyu. In ya yi shi da katako mai wani launi, fari cikin jan maɗaci, ya zama ado. Af, ba dole ne ma sai an yi yankan 45 ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin firam da aka sani, wanda Flinders Petrie ya tono a Hawara ta ƙasar Masar a 1888, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan yanzu, sandunansa gittawa suka yi a kusurwa suna shiga juna, ga shi ya doshi shekara 2000. In hannun ƙanenki bai faɗa da yankan karkace ba, ya rage rabin kaurin kowace sanda a baki ya ɗora su kan juna. Ya fi ƙarfi, ado ne kawai bai kai ba.

Gogewa da samfefa mai lamba 120, sai 180, sai 220, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Banish mai kauri da sheƙi irin na kujerun amare kada ya kusanci wannan aiki. Shafa biyu marar kauri, a goge tsakani, a ƙarasa da kakin zuma. In man linsid ya shafa, ya baza tsumman a fili ya bushe, don in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa. Sai a bar firam ɗin ya sha iska mako biyu, har warin ya fita, kafin takarda ta shiga.

To, duk wannan bango ne da rufi. Mai ɗakin ita ce takardar, kuma nan ne nake so ki tsaya a kansa da kanki.

Kafin komai, a ɗauke ta hoto mai kyau a hasken inuwa, gaba da baya. Kada a goge ta da danshi ko kaɗan. Tawadar gawayi da ƙaro ruwa ke wanke ta, ai don haka ake iya wanke allo. Kada a sa mata dutsen guga. In ta nannaɗe, a sa ta tsakanin farar takarda biyu, a ɗora littattafai a hankali, a ba ta makonni. Inda ta yage a bar shi a yage, salatif shi ne babban maƙiyin tsohuwar takarda: ledar ta faɗi, gam ɗin ya zauna ya zama tabo ruwan zuma har abada.

Takarda ba ta taɓa gilashi. An taɓa kawo mini hoton auren wasu dattawa, baƙi da fari, wai in canza masa firam. Da na juya shi na ga wani wuri kusa da fuskar amaryar yana sheƙi kamar an ɗiga ruwa. Raɓa ce ta taru a cikin gilashin wata damina, fuskar hoton ta jiƙa ta manne. Na ɗan ɗaga gefe da bakin wuƙa, na ji ƙarar da ba na son ji, na tsaya nan take. Haka na mayar da shi da tsohon gilashinsa, har yau tare suke. Da zayyana ce, tawadar za ta koma jikin gilashin.

Maganinsa kwali mai taga, wanda ake sawa tsakanin gilashi da takarda. A naku, kwalin 40 a 50, tagar 29 a 39, don ya hau gefen takardar da rabin santimita ko'ina. In adon ya kai har bakin takarda, a faɗaɗa lissafin yadda ba zai rufe aikin malam ba. Amma ba kowane kwali ba. Na katan ɗin taliya da jarida da kwalin kalanda duk daga niƙaƙƙen itace marar tacewa aka yi su, tsami gare su, shi ne layin ruwan ƙasa da ake gani ya zagaye tsofaffin hotuna. A nemi kwalin da aka rubuta ba shi da asid, mafi kyau na auduga zalla. In bai samu ba, a je shagunan da ɗaliban zane ke sayayya a sayi takardar zanen ruwa ta auduga mai nauyin giram 300, a shimfiɗa ɗaya a ƙarƙashin zayyanar, a liƙa wata a bayan kwalin tagar, yadda duk abin da ke taɓa ta auduga ne.

Ba a manna ta. A naɗe 'yan aljihuna masu kusurwa uku da takarda mai kyau, a liƙa su a jikin shimfiɗar ƙasa, a zura kusurwoyin zayyanar a ciki, a bar mata kamar milimita 1 na sakewa. Gam yana jikin aljihu, bai taɓa ta ba. Kwalin taga zai rufe su. Jikanki in ya so ya fitar da ita bayan shekara 40, zare ta kawai zai yi. Da damina za ki ga ta ɗan yi kumburi kamar igiyar ruwa, da rani ta kwanta. Lafiyarta ke nan, kada wani ya ce zai miƙar da ita.

A can baya, maimakon filawud ko silin, na fi son farar robar nan mai ramuka a ciki da masu allon talla ke amfani da ita. Ba ta shan ruwa, ba ta fitar da tsami, gara ba ta ci. Gilashi na milimita 2 ya isa, nauyinsa a wannan girma kilo 1 ne, na milimita 3 kilo ɗaya da rabi. Ki guji gilashi mai hazo da ake cewa ba ya ƙyalli, in ya yi nesa da takarda dusashe rubutu yake yi. A wanke gilashin ya bushe ƙarau, a jera: gilashi, kwalin taga, zayyana, shimfiɗa, roba. A tare su da ƙananan ƙusoshi a kwance cikin gurbi, a tura su da filaya maimakon guduma, kuma kada a danne da ƙarfi. Sannan a rufe tsagin baya da tef ɗin takarda mai ruwan ƙasa, saboda ƙurar hunturu da 'ya'yan kyankyaso ta nan suke shiga. Ba sai na ce a yi aikin da alwala a kan tebur mai tsabta ba, kun fi ni sanin abin da ke rubuce a jiki.

Wurin rataya yana iya rushe duk wahalar nan. Baƙar tawadar gawayi ba ta tsoron haske, amma ja da rawaya da kore suna kodewa, kuma abin da ya kode ba ya dawowa. Kada rana ta sauka a kanta ko ta awa ɗaya ce a yini. Ban da bangon da ruwan sama ke duka ta waje, ban da bangon banɗaki, ban da saman inda kike sa kaskon turaren wuta. Zobba biyu a gefe, a ɗaure su da sukuru kashi ɗaya cikin uku daga sama, a sa waya mai ƙarfi. A manna 'yan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango, gara ma ba ta samun hanya a ɓoye.

Ranar rufewa ku zaɓi busasshiyar rana, daga Nuwamba zuwa gaba, don kada a kulle danshin damina a ciki tare da ita. Kafin nan, tun da katakon ma sai ya ɗauki lokacinsa, ki ajiye ta a kwance tsakanin farar takarda biyu a saman durowa, nesa da ƙasa, kuma ba cikin leda ba.